Rabin Dokar da Na Karanta wa Uwani

Uwani maginiyar tukwane ce daga Jiratawa. Na san ta shekaru da yawa, amma in aka ce in faɗi ranar da na gan ta ba kaya a kanta, sai na yi dogon tunani. Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwar Maraɗi ke ci, takan taso da sassafe da tukwane ɗaure cikin raga bisa gammo, ta iso kafin rana ta yi zafi. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, ƙafafunta duk faso. Ba ta da yawan magana, ciniki ma ba ta iya ba. In ka taya tukunya ta ga ka raina aikinta, ba ta cewa albarka, sai ta ɗauke tukunyar daga gabanka ta mayar bayanta, ta shiga kallon wani wuri har ka gaji ka tafi.

Ni kuwa a lokacin tafinta ne a gidan shari'ar Nasara. Sunana Maman Lawali. Ban daɗe da fitowa lakwal, makarantar Nasara, ba, ina da farin wando da takalmin fata mai ƙara, ina jin duk garin babu wanda ya kamo ƙafata a sani. Yanzu na tsufa, ina zaune a unguwar Zariya a nan Maraɗi, gwiwoyi sun ƙi, ba aikin da ya rage mini sai tuna abin da bakina ya jawo wa mutane. Na Uwani ne ya fi tsaya mini a rai.

Ta yi aure sau biyu, ta haifi huɗu, ba wanda ya kai yaye. Abin da take da shi a duniya ƙanenta ne, Ilyasu. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goye shi, ita ta yi masa kaciya, ita ta nema masa aure. Ya girma ya zama mai lambu, ya sauko tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, ya samu 'ya ɗaya mai suna Atika. Shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari, ruwa ya shigo gidansa har ƙirji. Ya ɗora yarinyar a wuya yana neman tudu, katanga ta faɗo masa a baya, da ya ɗago ba yarinya. Matar ta koma gidan iyayenta, shi kuma ya koma Jiratawa wurin yayarsa.

Yawancin kwanaki lafiya lau yake. Yana jan ruwa a lambu, yana salla, yana gaisawa da mutane. Amma wani lokaci yana cikin tafiya a busasshiyar ƙasa sai ya tsaya, ya tattare riga har cinya, ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai ƙetare rafi. Uwani ta kai shi Tsibiri wurin wani mai magani da ake kira Ɓarau. Ɓarau ya ce iskokin ruwa ne suka biyo shi, ya ba da turare da na wanka, ya ce a dawo bayan kaka a yi babban aiki. Duk shekara biyun da ya yi a wurinta, kalmar hauka ba ta taɓa fitowa daga bakin Uwani ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Ba shi jin daɗi ne." In maƙwabciya ta yi ƙoƙarin faɗin kalmar, gaisuwa ta ƙare tsakaninsu ke nan.

Wata Juma'a, lokacin cinikin gyaɗa, Ilyasu ya rako ta kasuwa da kaya. Tana cikin jera tukwane ya tattare riga. Kafin ta juyo ya sunkuci wata yarinya 'yar shekara uku daga kan tabarmar uwarta, ya ɗora ta a wuya, ya ruga ya hau tarin buhunan gyaɗa yana ihu a gudu, ruwa ya taho. Wani mai awo, Sha'ibu, ya bi shi sama ya kama ƙafarsa. Ilyasu ya hamɓare shi. Sha'ibu ya faɗo ya karye a ƙugu, har ya mutu da ɗingishi yake. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Da a da ne, gaban alƙali za a je, ko fada. Dattawa su zauna, a dubi Sha'ibu, a miƙa wa dangi mara lafiyarsu a ce su tsare shi. To amma shekara guda kafin nan Nasara sun canja tsari. Duk laifin da ya kai zubar da jini ko karaya ya koma hannun alƙalinsu, da wani babban littafi da aka kawo daga ƙasarsu. Ni na haddace abubuwa da dama a cikin littafin, ina kuma neman wanda zan nuna wa.

Kwana uku da kama shi, na tarar da ita zaune a gindin tsamiyar da ke ƙofar gidan shari'a. Ta miƙe, ta russuna, ga shi ta kusa haihuwata.

Ta ce, "Malam, an ce kai ka jin bakinsu. Shekara nawa za su ba shi?"

Na ce, "Biyu, Iya. In ta yi tsanani, uku."

Ta ce, "Yaron da ba shi da lahiya?"

A nan ne sanin ya motsa mini. Na gyara tsayuwa, na karanto mata ayar dokar da Faransanci tukuna, don ta ji daɗin bakina, sannan na fassara. Na ce doka ta ce wanda ya aikata abu ba ya cikin hankalinsa, ba laifi a kansa. Ba sassauci ake yi masa ba, laifin ne babu shi sam.

Fuskarta ta saki. Ta ce, "Ashe ɗai da namu. Malamai sun ce an ɗauke alƙalami daga bisa irinsu. Ke nan su ba ni shi in kai shi Tsibiri?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Ita ta ɗauka tasu kamar tamu ce, ni kuma ban taɓa tambayar abin da ke biyo baya ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutane, sai dai nawa ba ni ya ɗaure ba.

Ranar shari'a alƙalin ya kira ta shaida. Ta ce ƙanenta ba ya jin daɗi. Na fassara. Alƙalin ya ce shi ma yau ba ya jin daɗi, cikinsa ke ciwo, amma bai karya kowa ba. Ta ce lalura gare shi. Ya ce wace iri? Ta ce irin ta masu tsorata. Ya ajiye alƙalami, ya ce in gaya mata littafinsa kalma ɗaya ya sani, in ba ta faɗe ta ba, ba abin da zai rubuta. Na sunkuya na gaya mata a hankali. Ilyasu yana zaune ƙasa, taku uku daga inda take, ga Sha'ibu a kan gadon kara da aka ɗauko shi, ga mutanen Jiratawa cike da ƙofa.

Ta ce, "Ƙanena mahaukaci ne."

Ilyasu ya ɗago ya dube ta. Ita ba ta dube shi ba.

Aka aika da shi wurin likitan Nasara, ni ne a tsakani. Likitan ya tambaye shi me ya sa ya ɗauki yarinyar. Ya ce ruwa ya gani. Ya ce wa ya nuna masa ruwa a tsakiyar kasuwa? Ilyasu ya ce, "An ce iskoki ne." Ni da na zo juyawa, sai na yar da "an ce" a hanya, na ce wa likita ya ce iskoki ne. Ban yi da wata manufa ba, gaggawa ce irin ta yaro mai son a ga ya iya. Likitan ya ɗaga gira, ya ce a tambaye shi ko ya yarda akwai iskoki.

Ilyasu ya ce, "Akwai su mana."

Likita ya yi rubutu mai tsawo. Daga baya na karanta. Abin da ya rubuta shi ne ciwon mutumin nan shi ne ya gaskata akwai wasu halittu da ba a gani, kuma muddin yana kan wannan, hatsari ne ga jama'a.

Alƙali ya yanke cewa ba laifi, ba shari'a. Uwani ta ɗaga hannu ta shafa. Ta zo da wankakkiyar riga a ƙunshe don ya sa su tafi gida. Muna tsaye sai gardi, mai tsaron ɗaurarru, ya tasa Ilyasu ya mayar ta ƙofar da aka shigo da shi. Na bi akawun kotu, wani mutumin Dahome da ya tsufa a aikin, na ce an yi kuskure. Ya dube ni ta saman tabarau ya yi dariya. Ya ce alƙali ya gama da shi, yanzu na kumandan ne, Nasaran da ke mulkin gari. Wanda likita ya ce hatsari ne, ana ajiye shi har ranar da wani likita ya sa hannu cewa ya warke. Na ce a ina? Ya ce ai mu ba mu da gidan masu irin wannan ciwo, amma akwai ɗaki a bayan kaso, gidan yari.

Na fito na gaya mata. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "To, sai yaushe?" Na ce ba a sa rana ba. Ta ce, "Wane irin ɗauri ne ba rana?" 

Daga nan rayuwarta ta koma hanya ɗaya. Litinin da Juma'a ta sauke tukwane a kasuwa, ta bar wa wata mai daddawa ta duba mata, ta ɗauki ƙwaryar fura ta nufi kaso. Gardin da ya fi daɗewa a wurin, Maliki, mutum ne mai sauƙin kai, yakan bar ta ta zauna a bakin tagar ɗakin. Ɗaki ne taku huɗu da huɗu, tagar ba ta fi faifai ba. Sauran 'yan kaso ana fita da su kullum, su ɗebo ruwa, su share hanya, su ga mutane, su roƙi goro. Kowannensu ya san ranarsa, wasu ma sukan yi zane a bango suna ragewa. Ilyasu ba ɗan kaso ba ne a takarda, saboda haka ba a fita da shi aiki, ba kuma abin da zai zana.

Abin da ya fi ba ni haushi, a shekarar farko ya samu sauƙi. Uwani takan shigo da turaren Ɓarau a ɓoye cikin zane, ko shi ne, ko kuma lokacin ciwon ne ya wuce, Allah ne masani. Ya daina tattare riga. Yana tambayar lambu, yana tambayar jikin Sha'ibu, har ya aika a roƙa masa gafara. Ta ce mini, "Malam, ni tukunya in na ƙwanƙwasa ta na san mai tsaga. Wanga yaro ya gyaru. Ka hwaɗa musu." Na faɗa. Aka ce sai likita ya duba. Likitan da ya yi rubutun an ɗauke shi zuwa wani gari, wanda ya gaje shi kuma yana fama da sanƙarau da ƙyanda a ƙauyuka, ba shi da lokacin mutum ɗaya da ke da rufi a kansa. Sai da aka yi shekara biyu da rabi kafin ya leƙo.

Ya zo da takardar na farko a hannu, ko zama bai yi ba. Ya tambayi Ilyasu sunansa, da garinsu, da wace rana ce yau. Duk ya amsa daidai. Ya tambaye shi ko yana ganin ruwa. Ya ce ya daɗe bai gani ba. Ni har na fara murna. Sai likitan ya duba takarda, ya ce a tambaye shi ko har yanzu ya yarda akwai iskoki.

Ilyasu ya yi murmushi, kamar wanda aka tambaya ko akwai Tsibiri. Ya ce, "Akwai su mana. Ni dai sun sake ni."

Na fassara duka, wannan karon ban yar da komai ba. Har na ƙara da nawa, na ce ranka ya daɗe, wannan kowa ya yarda da shi, ni ma na yarda, limamin gari ma haka, suna cikin Alƙur'ani. Likitan ya ce ni ban hau buhunan gyaɗa da 'yar mutane ba. Ya rubuta layi ɗaya ya tafi. In da da wannan tambayar za a auna mutanen Maraɗi, da sai an kewaye garin da katanga an sa Maliki a ƙofa.

A cikin shekara ta huɗu aka saki wani da ake kira Dogo. Shi da hankalinsa garau ya soki abokin cacarsa da wuƙa, ya kuma faɗa a gaban alƙali cewa da gangan ya yi. An ba shi shekara uku, bayan Ilyasu aka kawo shi. Ya fito ya yi ƙiba, ya yi aure, ya zo kasuwa sayen randar amarya. A wurin Uwani ya saya. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce yana jin muryar ƙanenta ta bango yana karatu, mutumin kirki ne.

Litinin ɗin da ta biyo ta zo gindin tsamiya ta ce in shigar da ita gaban alƙali. An canja alƙalin shi ma, wannan saurayi ne mai jan gashi. Ta durƙusa ta ce in faɗa masa daidai, kada in gyara.

"Ka ce mishi ƙarya na yi. Ƙanena ba mahaukaci ba ne, da gangan ya karya Sha'ibu. A yi mishi shari'a kamar kowa. In biyar ce a ba shi biyar, in goma ce a ba shi goma, kada ma a cire wadda ya yi. Ni dai a ba ni rana."

Na fassara. Saurayin ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba, har ya sa aka kawo mata kujera, ta ƙi zama. Ya ce ba zai iya hukunta mutumin da doka ta ce bai yi laifi ba. Maganar ta rufu, ba ta hannunsa. Ya ce ta yi farin ciki, sunan ƙanenta a wanke yake. Da muka fito ta tambaye ni me ya ce a ƙarshe, don ta ga ban fassara ba. Na gaya mata. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka, ta ce sai Juma'a.

Mun yi ta aika takardu, ni nake rubutawa. Kumandan ya ce na likita ne, likita ya ce sai ya samu sarari, ofishin gwamna ya ce a bi ta wurin kumandan. Na gaji, na fara zagayawa ta bayan gidan shari'a ranar Litinin don kada in same ta. Ta gane, ta daina tsayawa a tsamiyar. Wannan ya fi mini ciwo, amma ban fasa zagayen ba.

A shekara ta shida muka ji wani sabon likita zai duba kaso. Ni na neme ta da kaina. Na ce Iya, ba wata dabara sai ɗaya, in an tambaye shi zancen iskoki ya ce babu. Muka je tagar tare. Ilyasu ya rame, gemu ya yi fari tun bai kai arba'in ba, amma idonsa a tsaye yake. A shekarun nan ba abin da yake yi sai maimaita 'yan surorin da ya sani, su ne abokan zamansa. Ya saurare ta har ta gama.

Ya ce, "Yaya, in ce babu abin da Allah Ya ce akwai?"

Ta ce, "Da baki ɗai za ka ce. Allah shina ganin zuciya."

"Sura guda gare su, Yaya. Da sunansu."

"Na sani. Ilyasu, ƙafafuna sun gaji. Ban san ko damana nawa ta rage mini ba. Ka ce babu, alhakin bisa kaina."

Tun da na san ta, ranar ce kawai na ji ta ambaci gajiyarta. Ilyasu ya ce to.

Wannan likitan ya fi na baya ilimi, an ce ya karanci ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasarsu. Ya zauna, ya ba Ilyasu taba, ya yi hira da shi kusan awa guda. Da ya zo kan tambayar, Ilyasu ya sunkuyar da kai, gumi ya keto masa, leɓɓansa na motsi ba sauti. Da ƙyar ya ce, "Babu." Likitan ya dube shi, ya dubi gumin. Ya ce mini, cikin sanyin murya, masu irin wannan ciwo in sun daɗe sukan koyi ɓoye shi, kuma wanda ya iya ɓoyewa ya fi wanda ke faɗa hatsari. Ya ce a bar shi tukuna, zai dawo ya sake gani. Bai dawo ba, an mayar da shi Yamai.

Daga ranar nan, Maliki bai ƙara jin karatu daga ɗakin ba. Ilyasu ya ce bakin da ya ƙaryata bai cancanci ɗaukar sura ba. Uwani ta kawo malami har bakin taga ya yi masa bayani cewa wanda aka tilasta ba shi da zunubi. Ya gyaɗa kai kawai. A hankali ya daina tambayar lambu, sannan ya daina tambayar komai. Tana zuwa, ya karɓi fura, ya sha, ya miƙo ƙwarya. Ita kuma ba ta fasa ba. Tukwanenta suka ragu daga takwas zuwa biyar, daga biyar zuwa uku, don wuyanta ba ya ɗauka. Akwai ranar da ba ta sayar da ko ɗaya ba, ta koma da su Jiratawa a ka.

Fitarsa ba ta zo ta hannun likita ba, ba ta hannun alƙali ba, balle nawa. A shekara ta tara wani sabon kumandan ya zo zagayen kaso, ya ga ɗaki a baya, ya ce wane ne a ciki? Aka ce mahaukaci ne. Ya ce a kawo takardarsa. Aka buɗe akwatin takardu aka tarar gara ta cinye ta, ita da duk wasiƙun da na rubuta, sai ɗan guntun gefe. Kumandan ya ce ba ya ajiye mutum ba takarda, kuma yana buƙatar ɗakin don zuba siminti. Ranar Laraba ce, ba ranar kasuwa ba. Maliki ya fito da shi ya zaunar a inuwar katanga, ya ce ya tafi gida. Bai tafi ba. Nan ya zauna har Juma'a, Maliki na ba shi abinci, har Uwani ta iso da ƙwaryarta ta gan shi a waje. Ba wanda ya ce ya warke, ba wanda ya ce bai warke ba.

Na yi wata biyu ina shirin zuwa yi mata barka, kunya na hana ni. Wata Lahadi da hantsi na hau keke na tafi Jiratawa. Na same ta a tsakar gida zaune a kan kifaffen turmi, tana murza yumɓu. Ta yi mini maraba, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, kamar ban taɓa zagaye ta ba. Na ce ina Ilyasu, ko yana lambu? Ta nuna da haɓa.

Ɗaki ne na kara mai ƙyauren kaba. An ja ƙyauren, an ɗaure shi da igiya ta waje, ƙulli biyu.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Iya! Bayan shekara tara? Ke da kanki?"

Ba ta daina murza yumɓun ba. Ta ce ranar da suka iso ta cire ƙyauren gaba ɗaya ta jefar bayan gida, ta ce ba za a ƙara rufe shi ba har abada. Ya tsaya a tsakar ɗaki yana kallon ƙofar a buɗe, bai zauna ba, bai ci ba, bai sha ba, kwana biyu. Ta kira shi waje, ya ce ba a ba shi izini ba. Ta ce ta ba shi, ya ce ba ita ke bayarwa ba. A rana ta uku ta ɗauko ƙyauren ta mayar, ta ɗaure. Tana ɗaurewa ta ji ya zauna, ya sauke numfashi. Yanzu da safe takan buga ƙyauren sau biyu da sanda, ta kira sunansa da ƙarfi yadda ta ji Maliki na yi, ya amsa, ta miƙa masa fura ta ƙasa. In ta kira shi a hankali, irin kiran da take masa yana yaro, ba ya amsawa.

Na ce ko a kai shi Tsibiri. Ta ce Ɓarau ya mutu shekara uku ke nan.

 Na ce, "Iya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ba komi, Malam. Abin da ka sani ka hwaɗa."

Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta goge hannu a zane, ta ɗauki sanda da ƙwarya ta nufi ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofar tana tattara murya. Kafin ta buga ta juyo ta dube ni.

"Ka ɗan matsa can, Malam, kada ka ji. Har yau ban iya kiran nan ba sai na rufe ido."